Babur ɗin gado: wata 14 ana farfaɗo da Honda CB350

## Asalin lamarin

Mutumin da wannan nazari ya shafa bai taɓa kwance inji ba. Ma'aikacin ofis ne mai shekara 30 da ɗoriya, ya iya tuƙi, ya iya canja fulogi, iyakarsa ke nan. Da mahaifinsa ya rasu, 'yan'uwansa suka bar masa wani tsohon babur da ke jingine a ɗakin ajiya, lulluɓe da tamfol fiye da shekara 20. Takardun sun ce Honda CB350 ne, ƙirar 1971.

Kamfanin Honda na Japan ya ƙera wannan samfuri daga 1968 zuwa 1973, ya kuma sayar da fiye da 250,000. Duk da sunansa 350, ainihin girman injin cc 325 ne. Silinda biyu gare shi a jere, da kafireta biyu ƙirar Keihin, da giya biyar, da batir mai bolt 12, wutar fulogi kuma ta kwantak ce irin ta da. Tun da an yi shi da yawa haka, kayansa ba su ƙare a duniya ba, sai dai sun warwatsu.

Ga halin da aka same shi. Tayoyi sun sace sun tsattsage. Kujera ta yage. Babu murfin gefen dama. Salansa ta dama ta huje ta ƙasa. Tanki na warin tsohon fetur da ya koma kamar fenti. Agogon tafiya ya tsaya a kilomita 41,000 da 'yan kai, amma wayarsa a tsinke take, don haka ba a dogara da lambar ba. Kik na sauka idan an taka, alamar injin bai cije ba. Burin magajin shi ne ya hau babur ɗin kamar yadda mahaifinsa ya hau, ba ya mai da shi kayan kallo ba.

## Makon farko: a ji ƙararsa tukuna

Ya sayo sabon batir da fulogi biyu, ya zuba lita uku na fetur a kan abin da ya rage a tanki, ya hau buga kik. Wajen bugu na 40 injin ya yi tari, ya kama da silinda ɗaya, ya yi ƙara ƙasa da minti ɗaya, sannan fetur ya fara zuba ta ƙasan kafiretar hagu, ya mutu. Bai sake tashi ba.

Bai juye tsohon baƙin mai ba kafin wannan gwaji, bai kuma ɗiga sabo a saman inji ba. A wannan samfuri kamshaf ba a kan boris yake juyawa ba, kai tsaye yake kwance cikin mazaunin alminiyam a gefe biyu, kuma nan ne wuri na ƙarshe da mai ke isa. Sabon fetur ɗin kuwa ya narkar da dattin tanki ya kwaso tsatsa ya kai cikin kafireta.

Da ya zo buɗe murfin gefen inji, ya ɗauko sukundireba mai kan kuros ta gida. Sukuru huɗu suka cinye. Sukurun baburan Japan na wancan zamani an yanka kawunansu bisa ma'aunin JIS, wanda ke kama da na Phillips a ido amma kusurwarsa daban, shi ya sa sukundirebar Phillips ke zamewa ta gwigwiye ramin. Biyu daga cikin huɗun sai da aka huda su kafin su fito.

## Wata na 1 zuwa na 2: sayayya da suna

Daga nan ya koma intanet. Yana rubuta "CB350", abin da ya fito ya yi kama da nasa sai ya yi oda. Cikin mako bakwai ƙunshi tara suka iso.

Babura uku ne daban ke amsa wannan suna. Akwai nasa mai silinda biyu. Akwai CB350F mai silinda huɗu, na 1972 zuwa 1974. Akwai kuma sabon CB350 mai silinda ɗaya da Honda ta fitar a Indiya a 2020, wanda ba shi da kafireta ma. Filtar iskar da ta iso ta sabon ce. Kwantak ɗin na mai silinda huɗu ne. Murfin gefen na mai silinda biyu ne, amma na wata shekara, ƙafafunsa ba su shiga ramukan sasi ba. Abin da ya yi kamar ya dace shi ne ƙunshin gyaran kafireta guda biyu daga wani mai sayarwa da bai san shi ba: gaskit, da allura, da jet na tagulla masu ramin da fetur ke bi, sababbi fil. Ya cire tsofaffin ya saka su. Allah ya sa bai zubar da tsofaffin ba, ya watsa su cikin wani gwangwani. Babur dai bai tashi ba.

## Wata na 3: aka ajiye sifana aka ɗauki biro

Wani abokin aikinsa ya haɗa shi da tsohon bakanike da ya yi zamani da irin waɗannan babura, ya daina aiki amma hannu bai manta ba. Dattijon ya zagaya babur ɗin sau biyu bai taɓa komai ba.

"Ɗana, wa ya ce maka na 1971 ne?"

"Baba, takarda ce ta faɗa."

"Takardar ce ta hau shi shekara da shekaru? Miƙo mini tocila."

Lambar sasi tana wuyan babur, inda sitiyari ke juyawa. Ta fara da CB350 sannan lamba 3, wato zubin da Honda ke kira K3, ya dace da takarda. Lambar inji tana jikin kaskon inji ta hagu. Da aka goge dattin sai ga CL350E, sannan lamba 4. CL350 ɗan'uwan CB350 ne mai salansa a sama, wanda aka yi domin hanyar da ba kwalta, injinsu kusan ɗaya. Ashe an taɓa canja inji, aka ɗora na zubin da ya biyo baya, da kafiretocinsa. Honda ba ta daidaita lambar inji da ta sasi dama, don haka bambancin lambobi ba abin mamaki ba ne. Haruffan farko ne suka tona asiri.

Da daddare ya tambayi mahaifiyarsa. "Umma, Baba ya taɓa canja wa babur ɗin nan inji?" Ta ce ƙwarai, kafin a haife shi, na farkon ya taɓa bugawa a hanya.

Dattijon ya hana a sake sayen ko wanki ɗaya sai an cika sharaɗi uku. A samo littafin gyara na kamfani da kundin kayan gyara mai zanen kowane sashe a warware. A rubuta lambar da ke jikin kowace kafireta, domin Keihin ta sauya cikinta fiye da sau ɗaya a shekarun ƙirar, kowane zubi da girman jet ɗinsa da tsayin tulunsa mai rufe fetur idan kofin kafireta ya cika. Sannan kada a jefar da komai, ko da ya ruɓe, sai wanda zai maye gurbinsa ya zauna daram.

A kundin ne magajin ya koyi karanta lambar kaya ta Honda. Kashi uku ce. Lamba biyar na farko su ne sunan kayan, uku na tsakiya suna nuna samfurin da aka fara ƙera kayan dominsa, na ƙarshe kuma na nuna sauyi ko launi. Kaya da yawa a injinsa suna ɗauke da 286 a tsakiya, lambar CB250 na wancan zamani, wasu kuma 287, ta CB350. Wato abin da bai samu da sunan babur ɗinsa ba yana iya kasancewa a jibge da sunan wani. Tun daga ranar ya daina nema da suna, lambar yake rubutawa. Da ita ya riƙa bin dillalan tsofaffin kayan Honda, irin su David Silver Spares a Ingila, da ke sayen ragowar hajar da diloli suka kasa sayarwa, da CMS a Holand, mai zane-zanen kundin a shafinsa, da masu sayar da na hannu a eBay. Kafin ya biya, sai ya nemi hoton kayan kusa da ma'auni.

Suka raba jerin gida uku: abin da dole a saya sabo, wato duk wani abu na roba da taya da birki da wayoyi; abin da za a wanke a mayar; da abin da sai na hannu.

## Wata na 4 zuwa na 7: cikin inji

Kafin kwancewa aka auna matsin silinda. Littafin na neman wajen psi 170. Hagu ta ba da 150, dama 95. Aka zuba cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogin dama aka sake aunawa, allura ba ta ƙaru ba. Da ringi ne ya saki, man zai toshe giɓin na ɗan lokaci matsin ya hau. Tun da bai hau ba, zargi ya koma kan bawul. Aka saita tazarar bawul a sanyi, milimita 0.05 na shiga da 0.10 na fita. Dama ta hau zuwa 120 ta tsaya.

Babu makawa sai an buɗe, kuma a wannan babur ba a cire kan silinda sai an sauke inji daga sasi. Magajin ya ɗauki hoton kowane mataki, noti da sukurun kowane sashe a ledarsu da rubutu.

Abu uku aka tarar. Bawul ɗin fita na dama, wanda ya tsaya a buɗe duk tsawon ajiyar, tsatsa ta ci mazauninsa ta bar ƙananan ramuka. Mazaunin kamshaf ɗaya yana da sabon karce mai sheƙi, ba mai zurfi ba, wanda dattijon ya nuna masa da farce bai ce uffan ba. Na uku shi ne ƙananan tayoyin roba da ke ɗaure taimin cen: sun bushe sun yi tauri, ɗaya ta guntsule. Gutsattsarinta aka samu a matatar mai. Wannan inji ba shi da filtar takarda, wani kofi ne a bakin karanshaf ta dama da ke juyawa yana wurga datti ya manne a bangonsa, kuma kofin ya cika da baƙin taɓo da ɓurɓushin roba. Da an hau shi haka, cen zai saki ya riƙa cin alminiyam.

Faɗin silinda ya nuna milimita 64, girman asali, kuma sakin bai wuce iyakar littafi ba. Ana samun fistin masu ƙarin 0.25 har zuwa 1.00, amma ba a buƙace su ba. Aka goge silinda, aka sa sabon ringi, aka gyara mazaunin bawul a wurin masu injin yanka, aka canja bawul ɗaya, da taimin cen, da tayoyin robar, da gaskit da duk robobin hana yoyo. Mazaunin kamshaf na hannu aka samo mai lafiya. Jiran kaya ya fi aikin cin lokaci: kwana 11 aka yi ana aiki, sauran watannin jira ne.

## Ana cikin jira: tanki

Gwajin farko nasa ne shi kaɗai. Ya zuba noti da kananzir ya girgiza, ya cika tankin da ruwan khal ya bar shi kwana uku, ya ɗauraye da ruwa, ya kife shi ya kwana. Da safe cikin ya sake yin ja. Ƙarfen da tsami ya tsiraita, idan ya haɗu da danshi da iska, cikin sa'o'i yake sabuwar tsatsa. A karo na biyu aka kashe tsamin da ruwan soda, aka busar da iska mai zafi nan take, aka wanke cikin da fetur mai ɗan baƙin mai. Tsatsar da ta fita ta bayyana ƙananan huji biyu a gindi. Mai walda ya ƙi kusantarsa da wuta sai da aka wanke shi sau da dama warin fetur ya fita sarai, don tururin da ke cikin tanki marar mai ya isa ya fashe. Aka kuma zuge siririn bututun da ke haɗa ɓangarorin tankin biyu ta ƙasa, wanda ya toshe.

## Wata na 8 zuwa na 10: kafireta

Aka ɗora inji, aka zuba mai, aka juya shi ba fulogi har mai ya isa sama. Aka saita kwantak biyu a tazarar milimita 0.3 zuwa 0.4, kowace silinda da taiminta: alamar LF ta hagu, F ta dama. Fulogi NGK B8ES, tazara 0.7 zuwa 0.8. A bugu na uku ya tashi, ya zauna a silo.

Murna ba ta daɗe ba. Da an murɗa totur ya wuce rabi sai ya shaƙe, gefen dama ya yi sanyi, fulogi biyun su yi baƙi ƙirin cikin kilomita biyar. A daidai lokacin dattijon ya yi tafiya, magajin ya ci gaba shi kaɗai. Ya canja fulogi sau biyu. Ya sayi kwandansa. Ya sayi kwayil biyu, ya ce wuta ce ba ta kai ba. Ya cire akwatin filtar iska ko zai sami numfashi, abin ya ƙara muni. Ya kwance kafiretocin ya wanke sau huɗu. Mako shida suka tafi, babu abin da ya sauya.

Da dattijon ya dawo, tambayarsa ɗaya ce: "Ina gwangwanin nan?"

Ya jera tsohon jet da sabo a kan farar takarda, ya ɗaga su a haske. Lambar da aka buga a jikinsu ɗaya ce, amma ramin sabon ya fi faɗi, ido ma na gani. Sabuwar allurar kuma ta fi siranta a tsakiya. Ga dalilin baƙin fulogi: fetur na wucewa fiye da ƙima. Ƙari a kan haka, magajin ya saita tsayin tulun da ke rufe fetur a kofin kafireta da awon wani zubi, ba na lambar da ke jikin kafiretocinsa ba. Aka jiƙa tsofaffin tagullan a ruwan wanke kafireta, aka hure su da iska. Dattijon ya hana a zura musu waya ko allura, domin tagulla na da taushi, kaɗan za a ƙara wa ramin a lalata shi. Aka mayar da su, aka bar gaskit da robobin sabon ƙunshin kawai, aka saita tulu da lambar da ke jikin kafireta.

Fulogi suka washe, amma dama ta ci gaba da shaƙewa. Wato cuta biyu ce ta haɗu, ɗaya ta ɓoye ɗaya.

A irin wannan kafireta, wayar totur ba ita ke ɗaga allura ba. Wani faifai kawai take buɗewa. Zuƙar iskar injin ce ke tsotso wata siririyar roba da ke ƙarƙashin murfin sama, ita kuma ta ɗaga fistin ɗin kafireta da allurarsa. Idan robar ta huje, zuƙar sai ta zurare, fistin ya ƙi tashi. A silo ba za a gane ba, tun da can ba a buƙatarsa. Dattijon ya miƙar da robar dama a gaban tocila, sai ga tsaga kamar tsinin allura a cikin lanƙwasa, wurin da magajin ya duba sau huɗu bai ja ba. Aka gwada liƙe ta da gam, ta yi kwana biyu ta buɗe, don fetur da lanƙwasawa ba sa barin gam. Ta asali haɗe da fistin ta yi wuyar samu. Aka sami masu yin robar ita kaɗai sabuwa, aka sayi biyu aka ɗora a tsofaffin fistin. Aka mayar da akwatin filta, domin kafiretar da ke aiki da zuƙa tana buƙatar iskar da aka tsara mata. Aka daidaita wayoyin totur su buɗe tare. Injin ya haura har sama ba tari.

## Wata na 11 zuwa na 12: wuta, taya da birki

Batir na mutuwa bayan kwana uku. Awo ya nuna bolt 12.4 ko an ba shi wuta. Tsohuwar na'urar da ke juya wutar inji zuwa ta batir, mai faranti-faranti na seleniyam, ta tsufa tana zubar da caji. Aka sa ta zamani, aka kankare duk mahaɗar waya da wurin da ta taɓa sasi. Awo ya koma 13.8.

Lambar kwanan watan da ke jikin tayoyin mai lamba uku ce, alamar an yi su kafin shekarar 2000. Daga 2000 lamba huɗu ake bugawa, biyu na mako biyu na shekara. Aka sa sababbi, 3.00-18 gaba da 3.50-18 baya, da tib da robar rim. Takalman birki kuwa a ido suna da sauran nama, amma da dattijon ya sa ɗan yatsa sai fatar ɗaya ta ɓare daga ƙarfenta. Irin wannan idan ta ɓare ana tafiya tana iya cije ƙafar. Aka share ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma, ba a hure ta ba, don birkin wancan zamani na iya ƙunsar asbestos mai illa ga huhu.

## Wata na 14: inda aka tsaya

Bayan kilomita 600 na tafiya a hankali da canjin mai sau biyu, matsin silinda ya nuna 165 hagu, 160 dama. Yana tashi a bugu ɗaya ko biyu. Aka sake saita bawul da taimin cen. An kai maganar canjin inji ga hukumar rajista, aka gyara lambar a takarda tare da canjin sunan mai shi. Salansa kwaikwayo ce ta zamani, don na asali da ya gani duk sun huje a wuri guda. Ba a yi wa tanki fenti ba. Akwai goge a gefen hagu inda gwiwar mahaifinsa ta cinye launin, ya ce a bar masa. A kwali kuma akwai kaya 11 da ya saya ba su yi amfani ba, har da kwayil biyun, tun da tsofaffin aka mayar.

## Me ya yi aiki, me ya sa

A ganina wata biyar aka yi asara, kuma ba ƙarancin kaya ne ya ci su ba. Biyu sun tafi a sayayya da suna, kusan biyu a canje-canjen kwayil da fulogi ba tare da awo ba, sauran a gyaran ɓarnar makon farko. Karcen mazaunin kamshaf ɗin na wannan minti ɗaya ne da aka tayar da shi a bushe.

Abin da ya juya lamarin shi ne tocilar da aka haska a lambar inji. Babur mai shekara 50 ya bi ta hannun makanikai da yawa, kowa ya sa abin da ya samu a ranar, don haka takardarsa na ba da labarin ranar da ya fito daga kamfani ne kawai. Duk awon da aka ɗauka bayan nan, na matsi, na silinda, na caji, ko dai ya hana sayen abin da ba a buƙata, kamar fistin, ko ya nuna inda za a buɗe.

Rabon nan gida uku shi ma ya tabbata, sai dai ba daidai wa daida ba. Roba ta ci amana a wuri huɗu: taimin cen, kafireta, taya da gam ɗin birki, duk da cewa biyu daga ciki lafiya lau suke a ido. Tagulla da ƙarfen asali kuwa galibi wanki kawai suka nema. Wurin da ban yarda da dattijon ba shi ne na'urar caji, wadda ya so a nemo irin ta asali ta hannu. Magajin ya dage a kan ta zamani, kuma shi ke da gaskiya, domin wata mai shekara 50 za ta zo da ciwon da aka cire.

Murfin gefen dama har yanzu ba a samu ba. Uku ya gani, biyu sun karye a ƙafa, ɗaya na zubin K4 ne. Lambarsa na rubuce a wata 'yar takarda cikin walat ɗinsa, yana kuma hawan babur ɗin haka nan, akwatin filta a bayyane.